Baba Kunne da Babur ɗin Surukinsa

Duk bakaniken babur da ke layin nan da sifana ya yi suna, ban da Baba Kunne. Shi da kunnensa ya ci abinci, da shi ya yi aure, ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya. Ba kuma wani kunne ba ne na a zo a gani. Ƙanana ne, na hagun ma da ɗan yanka a gefe, tun wani faɗa na ƙuruciya da har yau yake rantsuwar shi ya yi nasara, alhali duk wanda ya gani ya san ɗauko shi aka yi. Amma ka taho da babur daga bakin layi, kafin ka iso shagonsa ya riga ya san ciwon. Ko kai ba ya ɗagawa. Yana zaune a kan tsohuwar kujerar mota da ya ɗora bisa bulo, yana goge yatsu da tsumma, sai ka ji ya ce, "Fulogi." Ko ya ce, "Iska yake sha ta wuyan kafireta." In kuwa ranar 'yan faɗan na kusa, sai ya ce, "Babur lafiyarsa ƙalau, mai shi ne ke neman gyara."

Tun yana ɗan mitsitsi aka kai shi hannun wani ubangida mai saurin hannu a aiki, mai saurin hannu a mari. Mutumin ba ya koyarwa da baki. Zai tada inji, ya ce yaro ya rufe ido ya faɗi abin da ya ji. In ya faɗi daidai, shiru. In ya kuskure, ƙeya ta sha. Da haka yaron ya koyi bambance kukan zoben fistan da ya gaji da na sarƙar da ta saki, ya kuma fito da aƙida guda wadda ya riƙe har furfura: babur ba ya ƙarya, mai babur ne maƙaryaci. Saboda haka bai taɓa sauraron bayanin mai kawo gyara ba. Kana cikin zuba masa labarin yadda abin ya faro, zai ɗaga maka hannu kamar mai tsayar da mota, ya ce, "Yi mini shiru, mara lafiya na magana."

Da aka fara shigo da sababbin babura marasa kafireta, masu famfon mai a cikin tanki, bakanikai da yawa suka shiga ruɗani. Wasu suka ce aljanu ne a ciki, wasu suka koma gyaran keke. Baba Kunne ya kafa kunne a jikin tanki, ya murɗa makulli, ya ji wani ɗan siririn kuka, zizizi, kamar sauro ya shiga kwalba, ya yi na ɗan lokaci ya tsaya. Ya yi murmushi. Famfon ne ke turo mai zuwa inji kafin a tada shi. Ba a jima ba ya haddace kukan nan kamar muryar 'ya'yansa. Ya san na famfo mai ƙoshin lafiya, ya san na wanda datti ya shaƙe, ya san na wanda ke shirin yin bankwana. Daga unguwanni masu nisa ake turo masa irin baburan nan, shi kuwa hular ma sai ya ƙara karkata ta gefe.

A lokacin ne ƙaramar 'yarsa, Auta, ta sayo masa tsaraba: agogon auna ƙarfin mai, mai allura da tiyo, a cikin ɗan akwati ja. Ya juya shi gaba da baya, ya ce an gode, sannan ya raɗa masa suna kunnen raggaye. Agogon ya rataye shi a ƙusa a bangon shago, inda zanzaro ya yi gini a bayansa. Akwatin kuwa matarsa ta ɗauke ta zuba zare da maɓallai.

Matar nan sai an ɗan tsaya a kanta. Unguwa na kiranta Gwaggo Rediyo, kuma ba sharri aka yi mata ba. In ta yi raɗa a ɗaki, maƙwabta na amsawa ta katanga. Ita ce ma ta sa aka daɗe ba a gane abin da ke faruwa ba, domin mutumin da ke kwana yana tashi da irin wannan murya yaushe zai san kunnensa ya fara ja da baya?

Abin a hankali ya zo. Tsuntsaye ne suka fara daina kuka a bishiyar ƙofar gida. Sai wayarsa ta ɗauki halin ƙin yin ƙara, har ya je ya zazzage mai gyaran waya. Wata damina ya zauna yana yaba wa unguwa, wai bana sauro ya yi ƙaura, yana faɗa yana susar ƙafa. Bai san lokacin da ya fara kallon bakin mutane ba in suna magana. Rannan aka kawo wani babur, ya durƙusa ya manna kunne a tanki, ya murɗa makulli. Shiru. Ya ce famfo ya mutu. Mai babur ya danna sitata, inji ya tashi garau.

Ranar Baba Kunne bai ci abincin rana ba. Ya gane. Amma kun san maza, gara a yanke musu yatsa da su ce ba su iya ba. Ya ci gaba da durƙusawa, yana manna kunne, yana haɗe gira kamar mai jin wani sirri, sannan ya yanke hukunci da abin da shekaru suka koya masa. Sau da yawa yana dacewa, domin ciwon babur ba shi da yawa ga wanda ya tsufa a cikinsa. In ya kuskure, sai ya ɗora wa kayan gyaran zamani. Mai-faci da ke shagon gefe, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan shagon Baba don ya faɗaɗa nasa, ya fara kallonsa ta gefen ido.

Sai ga surukinsa.

Mijin Auta ne, Mai-burodi ake ce masa, domin da sassafe yake ɗaure akwatunan burodi a bayan babur ya rarraba wa shaguna. Yaro ne mai kirki, kirkin ma har ya yi masa yawa. In ya zo gaban Baba Kunne, tun daga nesa yake cire takalmi, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai har haɓa ta taɓa ƙirji, ya yi magana da wata murya siririya kamar zaren Gwaggo. Babur ɗinsa ya ɗauki wani hali: da safe ba ya tashi. Sai an yi ta danna sitata har batir ya galabaita, sai an tura. Amma in ya tashi ya yi zafi, shi ke nan, yini guda ba ya ba da matsala, sai ɗan shessheƙa a hawan tudu.

To ina laifin ya kawo shi a yadda yake? Ina! Ai ba a kai wa suruki babur da datti. Sai ya gama rabon burodi, ya wanke shi tas, ya goge, ya hau abinsa ya zo da shi da zafinsa. Ya tsuguna ya yi wa ƙasa bayani tiryan-tiryan. Baba Kunne, da ya dogara da kallon baki, ba abin da yake gani sai tsakiyar hula. Ya gyaɗa kai kamar ya ji, ya manna kunne a tanki, ya danna sitata. Babur ya tashi kamar sabo.

"Fulogi," in ji Baba. Ya canza fulogi.

Bayan 'yan kwanaki Mai-burodi ya dawo, ya sake tsugunawa, ya sake yi wa ƙasa bayani. Baba ya ce batir. Da ya sake dawowa, aka wanke matatar iska. Kowane zuwa, in an gama, Baba zai tambaya da ƙarfi, "Wancan gyaran ya yi ko?" Mai-burodi ya gyaɗa kai, domin ta ina zai fara cewa uban matarsa bai iya ba? Kai shi wani gareji kuwa bai ma taso ba. Layi ɗaya ne, kowa ya san kowa. A ga babur ɗin surukin Baba Kunne a hannun wani bakanike, ai an gama da tsohon.

Wadda ke biyan kuɗin wannan ladabi ita ce Auta. Kullum da asuba ita ce a bayan akwatunan burodi, zani a ɗaure, tana turawa har ƙarshen layi, mijin na kai yana ba ta haƙuri. Matan layinsu har sun fara yi mata kirari da injin gida. Ranar da silifa ya tsinke ta faɗi a kwata, ba ta ko wanke ƙafa ba ta nufo gidan iyayenta.

Ta tarar da Baba a tsakar gida yana shan shayi, ya ba ƙofa baya. Ta yi sallama, bai amsa ba. Ta tsaya a bayansa ta ce, "Baba." Shiru. Ta ƙara matsowa ta ce, "Baba, shagonka ya kama da wuta." Ya kurɓi shayinsa, ya yi gyatsa.

Auta ta dubi uwarta. Gwaggo Rediyo, da ke tsintar shinkafa, ta ajiye faranti ta riƙe haɓa.

"A'aha! Ni dai na ce! Shi ya sa kwanan nan duk abin da na faɗa ba ya musu. Na ɗauka hankali ya yi."

Wannan kam ya ji. Ya juyo ya ga 'yarsa da ƙafa duk taɓo, idonta ya cika da hawaye. Ta zagayo gabansa ta durƙusa, ta yi magana a hankali yana kallon bakinta. Ta gaya masa babur bai taɓa gyaruwa ba. Ta gaya masa wa ke turawa. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Baba, ka huta haka nan. Ka yi mana komai. Ni da yayyena za mu riƙe gidan. Mai-faci ya daɗe yana son shagon, a ba shi. Gara ka rufe da mutuncinka da a wayi gari yara suna yi maka dariya a layi."

"Wa ya ce miki ba na ji?"

"Shagonka ya kama da wuta, Baba."

Ya zabura zai miƙe. Gwaggo ta tafa hannu ta kwashe da dariya.

"Zauna, Malam, tun ɗazu ya ƙone. Ai ta faɗa maka kana gyatsa."

Ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon kofin shayi. Shagon nan shi ya sa masa ƙofa da hannunsa. A can ya yi wa duk 'ya'yansa motar gwangwani. In aka raba shi da kujerar motar nan, me zai zama? Tsoho a ƙofar gida yana korar ƙuda, Gwaggo na aikensa sayen gishiri.

"Ki ce masa ya kawo babur ɗin da yamma," ya ce. "Kada ya wanke. A nan zai kwana, ba mai taɓa shi. Gobe da safe in ban gano ciwonsa ba, ke da kanki za ki kai wa Mai-faci makulli."

Da yamma aka kawo babur aka jingine a tsakar gida. Baba Kunne ya zagaya shi, ya zagaya, kamar mai taya akuya. Sai ya sa takalmi ya nufi shago. Ya dawo da wani abu a ƙarƙashin riga. Ya zauna a bayan ɗaki ya kakkaɓe ginin zanzaro, ya goge gilashin da bakin hannun riga. Sai a nan ya tuna 'yan ƙananan mahaɗan da ake ɗaura tiyon da su suna cikin jan akwati. Jan akwati kuwa yana ƙarƙashin gadon Gwaggo.

Ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana gyaran murya.

"Ke, akwatin nan na zare."

"Wane akwati?"

"Ja."

"Ɗinki za ka koma? To madalla, rigarka ma ta yage a hammata."

"Akwai wasu 'yan ƙarafa a ciki."

Ta leƙo ta ga abin da ke hannunsa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ikon Allah. Kunnen raggaye! Yau kuma raggon a gidanmu ya kwana?"

Amma ta jawo akwatin, ta zazzage shi a kan tabarma. Ta tsince 'yan ƙarafan ɗaya bayan ɗaya daga cikin maɓallai, ba wanda ya ɓata, ta ɗaure masa a gefen tsumma. Da za ta miƙa masa ta riƙe hannunsa kaɗan, ta rage murya, wato yadda maƙwabci ɗaya kawai zai ji.

"Ni ba kunne na aura ba, Malam. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji," in ji shi.

Gari na wayewa Mai-burodi ya iso tare da Auta. Ya roƙi abokin aikinsa ya yi masa rabon ranar. Ya cire takalmi, ya tsuguna, haɓa ta nufi ƙirji.

"Tashi," in ji Baba. "Tsaya nan gabana. Ɗago kai, ka dubi idona, ka gaya mini abin da babur ɗin nan yake yi. Da ƙarfi."

Mai-burodi ya miƙe, amma kan ya ƙi ɗagowa. Ya motsa baki, ko Auta da ke gefensa ba ta ji ba.

"Kai, ɗan nan, ɗago!" in ji Gwaggo. "Ba cinye ka zai yi ba, haƙoran ma saura na gaba. Yi kamar kana kiran mai shagon da ya hana ka akwatinka."

Bawan Allah ya rufe ido, ya cika ƙirji da iska, ya kwarara ihu.

"BA YA TASHI DA SAFE, BABA! TUN RANAR FARKO BAI GYARU BA!"

Kaji suka watse. Wata maƙwabciya ta ce ta katanga, "Lafiya?" Mai-burodi ya toshe bakinsa da hannu biyu kamar ya zagi wani.

Baba Kunne bai yi fushi ba. Karon farko ke nan a rayuwarsa da ya tsaya ya karɓi bayanin mai babur, kuma ga mamakinsa akwai abin ɗauka a ciki. Ya yi ta tambaya, surukin na amsawa da ihu. Da safe kawai? In ya yi zafi fa? In ya daɗe a ajiye da rana? A tudu yana shessheƙa? Sannan ya ce, "Nuna mini yadda kake tada shi."

Mai-burodi ya kama makulli ya murɗa, ya kashe, ya sake murɗawa, ya kashe. Zai ƙara, Baba ya cafke hannunsa.

"Wa ya koya maka wannan?"

"BA KOWA, BABA! NA GA IN NA YI HAKA YANA ƊAN YARDA!"

"To ya isa, ba a kasuwa muke ba."

Idon tsohon ya yi haske. Kowane murɗa makulli, famfo na turo mai. In sai an yi ta turowa kafin inji ya yarda, to man da ya kamata ya kwana a cikin tiyo a matse yana jiran safiya ba ya kwana a nan. Wani wuri yake zurarewa. Ko dai gaba, ya ɗiga cikin inji, ko baya, ya koma tanki.

Ya kwance fulogi, sabon da ya sa da hannunsa ba gaira ba dalili. Ya duba, ya shinshina. A bushe yake, ba warin fetur. Da a cikin inji man ke ɗiga duk dare, da ya same shi jiƙe sharkaf. Ya mayar. Daga nan, don sabo, ya sunkuya zai manna kunne a tanki. Ya tsaya a rabin hanya. Kowa na kallonsa. A hankali ya miƙe, ya shimfiɗa tafin hannunsa a jikin tankin, ya murɗa makulli da ɗaya hannun.

Ga shi nan. Ɗan sauron nan da ya yi ƙaura, ashe yana nan, a tafin hannu yake kuka. Wata 'yar karkarwa ce siririya, ta yi ta tsaya. Baba ya kashe ya sake murɗawa, ba don aiki ba, don ya ƙara ji kawai.

"Famfo na da rai," ya ce. Ya yi tari ya ɗora wa sanyin safiya. "Ke, kashe rishon nan, fetur zan buɗe."

"Ruwan shayin fa?"

"Ki kashe, ko mu sha shi a lahira."

Ya naɗe tsumma a mahaɗar tiyo ya zare ta, ya ɗaura agogon Auta a tsakanin tanki da inji. Hannunsa bai manta komai ba, ko da yake bai taɓa yi da wannan abin ba. Ya murɗa makulli. Allura ta tashi a kasalance kamar wanda aka tasa daga barci, ba ta kai inda ya kamata ba. Ya kashe. Nan take ta fara sulalewa, tana sauka, tana sauka, har ta kwanta.

"Kin gani?" ya ce wa Auta. "Ga abin da kike turawa."

Ya ɗauki filaya ya naɗe bakinta da tsumma, ya matse tiyon ta ɓangaren inji, ya toshe hanyar gaba. Ya kunna, ya kashe. Allura ta sake sulalewa. To ba gaba man ke bi ba. Ɓarawon yana baya, a cikin tanki. Ya buɗe murfi, ya haska tocila, ya kafa ido, ya ce wa surukin ya murɗa. A can ƙasa, ta gefen famfo, ya ga fetur na motsi yana tumfaye kamar ruwa ya fara tafasa.

Ya tsiyaye man a jarka, ya kwance tankin, ya kifa shi a kan tsohuwar taya, ya zaro famfon. Wani ɗan guntun tiyo ne a jikinsa, bai fi tsawon yatsa ba. A ido lafiyarsa ƙalau. Baba ya lanƙwasa shi, sai ga baki ya buɗe a gefe, tsaga siririya kamar yankan reza. Ya ɗaga shi sama yana nuna wa kowa, har maƙwabciyar da ta riga ta hau turmi tana leƙe ta katanga.

"Wannan ɗan abin?" in ji Gwaggo. "Wannan ne ya jefa mini 'ya a kwata?"

Yana da irinsa a cikin gwangwanin tarkacensa, mai jure zama cikin fetur. Ya yanka daidai, ya sa, ya ɗaure bakinsa biyu, ya mayar da komai mazauninsa. Ya murɗa makulli. Allura ta yi tsalle ta miƙe tsaye. Ya kashe. Ta tsaya cak.

"Kada wanda ya taɓa," ya ce. Aka kai jarka waje, aka wanke hannu, Gwaggo ta mayar da ruwa a wuta a can kicin. Suka sha shayi, Mai-burodi na sha a ɗarare, rabin jikinsa a wajen tabarma. Rana ta hau katanga. Baba ya tashi ya leƙa agogo. Allura tana nan inda ya bar ta, ko gezau.

Ya cire agogon, ya mayar da tiyo, ya ɗora hannu a kan sirdi.

"Danna. Sau ɗaya. Kada ka yi mini wannan kunna-kashe."

Mai-burodi ya murɗa makulli ya danna. Baba Kunne bai ji komai ba sai wani gunji can nesa kamar hadari a wani gari. Amma sirdin ya yi rawa a ƙarƙashin tafinsa, rawa mai kyau, daidai wa daida. Ya ga Auta ta daka tsalle, ya ga bakin Gwaggo a buɗe. Wannan kam ya ji ta. Bai ɗauke hannu ba. Ya matsa da shi baya, ya haɗe gira.

"Ƙusar salansa ta saki," ya ce. "Miƙo sifana."

Aka duba, ta saki.

Auta ta zo gabansa ta tsaya inda zai ga bakinta. Makullin shagon na hannunta, tun isowarta da safe ta ɗauke shi daga ƙusa don kada ya canza magana. Ta miƙa masa, amma ba ta saki ba.

"Sai ka yarda mu je wurin likitan kunne."

"Kunnen ya tafi," in ji Baba. Karon farko ke nan da ya faɗa da bakinsa. "Me likita zai yi, ya bi shi da gudu?"

"Baba."

"To, za a je. Sakar mini makulli."

An je, an ba shi wani ɗan abu na sawa a kunne. Yana sa shi a shago. In ya dawo gida sai ya cire ya sa a aljihu, wai likita ya ce kada ƙara ta yi masa yawa. Gwaggo ta ce ta san ƙarar da ake nufi.

Mai-faci ya haƙura da faɗaɗa shago. Jan akwati ya koma hannun mai shi, agogo na kwana a ciki a goge, zare da maɓallan Gwaggo kuwa sun koma gwangwanin madara, maganar da har yau ba ta mutu ba a gidan. Dokar shagon ma ta sauya. Yanzu in babur ba ya tashi da safe, a nan zai kwana, ba wanki, ba ɗumamawa. Mai shi kuma zai tsaya a gaban Baba, ya ɗago kai, ya yi bayani tun daga farko, tsohon na kallon bakinsa, tafinsa a kan tanki. Sunan dai ba wanda ya canza masa, ba kuma wanda ya isa.

Da sassafe, in Mai-burodi ya zo wucewa da akwatunansa, yakan tsaya a ƙofar shago, ya sauka, ya cire takalmi, ya tsuguna kamar yadda ya saba. Sai ya ɗago kai ya kwarara, "INA KWANA, BABA!" har masu barci a ƙarshen layi su yi tsaki.

Baba Kunne ya karkata hula, ya ce, "Lafiya lau. Kashe shi ka sake tadawa in gani."